Waya ko kamera? Lome za ni, ban taɓa ganin teku ba

Zeinabu Wadata: Assalamu alaikum ƴan zaure. Watan gobe zan raka gwaggona Lome sarin atamfa. Ban taɓa ganin teku ba, kuma ina son in dawo da hotuna na kirki, ba irin nawa na bakin gulbi da kuke yi wa dariya ba. Jika 150 gare ni, wato sefa dubu 150. In canza waya ko in sayi tsohuwar kamera?

Baban Hadiza: Wa alaikumus salam. Kamera.

Ɗan Adar: Waya.

Rabi: To madalla, kun gama warware mata 😂

Malam Isuhu: Ƴata, ki saurare ni, don ni teku ya riga ya ci kuɗina. A 2022 na je Kwatano, kafin a rufe iyaka. Da sassafe na fita bakin ruwa na tarar da masunta suna jan koma, mutum ya fi talatin a kan igiya ɗaya, suna waƙa suna ja da baya. Na durƙusa kan jiƙaƙƙen rairayi don in kamo ƙafafunsu da igiyar tare, na ba ruwa baya. Wani yaro yana ta ɗaga min hannu, ni a zatona so yake in ɗauke shi. Sai ji na yi ruwa har ƙugu. Kamerar ma ba ta nutse ba, fantsama kawai ta samu.

Daga nan na shiga tafka wauta. Na goge gilashin da bakin rigata, ashe akwai rairayi a jiki, ya bar ƙarce kamar farcen mage. Na kunna ta in ga ko tana aiki, ta yi, na yi hamdala. Da dare na tura ta cikin kwanon shinkafa kamar yadda ake cewa. Bayan mako uku, ina Yamai, maɓallan suka fara cijewa. Mai gyara ya buɗe ya nuna min cikinta: wani kore-kore ya kama wayoyin, irin na tsohuwar tagulla. Ya ce shinkafa ba ta cire gishiri, ruwan ya bushe ya bar gishirin yana cin ƙarfe.

Don haka ko me kika saya, in ruwan teku ya taɓa shi ki kashe nan take, in batirin na fita ne ki cire. Ki goge jikin da ƙyalle mai ɗan damshin ruwan pampo. Ko bai jiƙe ba ki goge kullum da yamma, don iskar wurin kanta gishiri gare ta. Ƙananan ƙullin nan da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, ki tara su ki sa a jaka tare da kamerar, suna shan laima. Kuma kada ki shiga ruwan ko zuwa gwiwa. Tekun gaɓar nan daga Kwatano har Lome yana jan mutum ta ƙasa, ba gulbinmu ba ne.

Rabi: Allah ya mayar da alheri Malam. Shinkafar fa, an dafa?

Malam Isuhu: An dafa, an ci da miyar kifi.

Ɗan Adar: Kun gani? Da waya ce da ya sa ta a leda ya huta.

Baban Hadiza: Kai me ka sani a hoto? Ƴan Tawa kun fi kowa ganin teku, shekara nawa kuna bida a Abijan, amma duk hoton da kuka turo gida na gaban shago ne, an riƙe rediyo.

Ɗan Adar: Da kuɗin shagon aka yi ginin da kake haya a ciki.

Hajiya Mariama: Ku bar yarinya ta samu amsa mana. Zeinabu, na sha zuwa Lome. Daga kasuwar Asigame zuwa bakin ruwa da ƙafa ma za ki je, akwai itatuwan kwakwa da ragowar tsohuwar gadar jiragen ruwa ta zamanin Turawa, ƙarafunta na tsaye cikin ruwa. Amma ki sani teku can kudu yake, rana ba ta faɗawa tsakiyarsa kamar yadda kike gani a hotunan kalanda, ta gefen Gana take sauka, a bin gaɓa. Ki je da sassafe ko gab da magariba. Da rana tsaka rairayi fari fat, fuskar mutum baƙi ƙirin. Kuma kada ki tsaya ke kaɗai bayan duhu da waya a hannu.

Sani mai gyaran waya: Ki kunna layukan nan na allo don kada ruwan ya karkace kamar zai zube. Ki taɓa sararin sama da yatsa ki ja hasken ƙasa kaɗan. Ban da jawo hoto da yatsu biyu, gara ki matsa.

Malam Isuhu: Ta matsa, amma ba irin matsawata ba.

Abdu Harobanda: Ni abin da ke ba ni mamaki, ga ruwa a ƙofar gidanmu mun raina. Yanzu ruwan da ke gangarowa daga Gine ya iso Yamai, gulbi ya cika fal, ba jan ruwan Agusta ba ne mai laka. Jiya na tsaya wajen Gamkalle da asuba, hazo ya rufe ɗaya gaɓar, wani basarke a tsaye cikin jirgi ya watsa birgi, ta buɗe kamar faifai kafin ta faɗa. Sau goma sha ɗaya na ɗauka kafin ɗaya ta fito. Wanda bai iya wannan ba, ko an kai shi Lome abu ɗaya zai kawo.

Zeinabu Wadata: Da ni kake, yaya Abdu?

Abdu Harobanda: Da Baban Hadiza nake.

Rabi: Hazon nan ni ɓata min hoto yake, komai ya fito fari-fari kamar an zuba toka.

Abdu Harobanda: Ki fuskanci ranar kai tsaye. Cikin hunturu tana zama kamar ƙwallo, ba ta kashe ido, jirgi da mutum su fito baƙi a gabanta. Ƙurar dai ki kiyaye, kada ki kwance gilashi a waje.

Hajiya Mariama: Ku riƙa faɗa wa sababbi gaskiya kuma: ban da ɗaukar hoton gada a Yamai. Ko ta Kennedy, ko ta biyu, ko ta Seyni Kunce. Ƙanena ya ɗaga waya yana ɗaukar faɗuwar rana, jami'an tsaro suka tsare shi, sai da ya goge komai a gabansu, har hotunan sunan ɗansa suka tafi cikin ruɗewa.

Ɗan Adar: Ku zo Tabalak, ba mai tambayarku. Tabki ga shi, tsuntsaye ga su, raƙuma na shan ruwa, ga soyayyen kifi a bakin hanya.

Baban Hadiza: Raƙuman dawa muke da su a Kure, kilomita 60 kawai.

Hajiya Mariama: Tun harin da ƴan bindiga suka kai can a 2020 wa ke zuwa Kure haka kawai? Ka bari.

Malam Isuhu: Wani abu kuma, ƴata. Masunta da masu wanki ba duwatsu ba ne. Ki yi sallama, ki nemi izini, ki nuna musu hoton a allo. Mata masu wanka ko wanki a bakin ruwa kuwa ki kau da kai gaba ɗaya. Wani mai wanki ya taɓa ce min, kai ka tafi da hotona, ni ka bar ni da sabulu. Sai da na wanko masa a takarda na kai masa, yanzu shi ke kirana in dorina ta fito.

Rabi: Dorina kam daga nesa. Nan ne kaɗai na yarda da jawowa da yatsu.

Zeinabu Wadata: Na gode ƙwarai. Amma har yanzu fa, waya ko kamera?

Sani mai gyaran waya: Wace iri ce a hannunki yanzu?

Zeinabu Wadata: Tecno, gilashin bayan ya ɗan tsage.

Sani mai gyaran waya: Shi ya sa hotunanki ke fitowa da hayaƙi! Kawo gobe in canza shi, jika biyu.

Baban Hadiza: Saura 148, sun isa kamera.

Ɗan Adar: Sun isa atamfa dai.