Neman shawara: Aikin shinkafarmu duk yana kan mutum ɗaya

Mai Injin Casa:
Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin kamfanin gyaran shinkafa a wajen Kura, ma'aikata 14. Damuwata ita ce komai yana kan shugaban ma'aikatana. Shi ya san awa nawa ake jiƙa shanshera, shi ke cizon ƙwaya ya ce ta bushe. Watan jiya ya tafi jinyar mahaifiyarsa kwana 10, muka casa buhu 60, rabi karyayya, dila ya dawo mana da ita. Ɗana ya ce mu ɗauko wani tsari wai shi CMMI, wani kuma ya ce in biya shi ya samo mana satifiket. In biya, ko asara ce?

Injiniya:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka biya tukuna. Tsarin nan a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka aka faro shi, asalinsa mai suna CMM ya fito a 1991, don ma'aikatar tsaronsu ta riƙa auna kamfanonin da ke rubuta mata manhaja. Satifiket ɗinsa ba na irinmu ba ne. Abin ɗauka a cikinsa shi ne matakansa 5. A mataki na 1 aiki yana kyau ne idan gwani yana nan, in ya matsa a shiga ruɗu. Nan kake, ba cin fuska ba. Na 2, ana tsarawa ana rubutawa. Na 3, kowa yana bin hanya ɗaya rubutacciya. Na 4 awo da lissafi, na 5 gyara ba tsayawa. Ka manta da na 4 da na 5 bana. Sayi na'urar auna danshi, shanshera ta kai kusan kashi 14 cikin 100 kafin ta shiga inji, haƙori ya huta. Sai littafi ɗaya: lokacin jiƙo, lokacin turare, buhu nawa ya shiga, nawa ya fita, karyayya nawa.

Hajiya Mai Ruwan Leda:
Littafin kam gaskiya ne, amma Injiniya ya tsallake mai wuyar. Da na fara haka a wurina, babban yarona ya ɗauka korarsa zan yi, sai ya riƙa faɗin rabi yana ɓoye rabi. Sai da na ƙara masa albashi na ce shi ne malamin sauran, sannan ya saki jiki. Kuma Alhaji, a rubuta da Hausa a manna jikin bango kusa da injin, ba a ajiye a ofis ƙura ta ci ba.

Baban Yara:
In wani babban mai saye ya nemi takarda, ISO 9001 za su tambaya, wato takardar shaidar ingancin tsarin aiki, kuma hukumar kula da ingancin kaya ta SON tana bayarwa. Su ma in sun zo, rubutun nan za su fara dubawa. Lambar NAFDAC fa, kana da ita a buhunanka?

Mai Injin Casa:
Ina da ita. Allah ya saka da alheri. Hajiya, maganarki ta taɓa ni, don tun da ɗana ya fara yi wa shugaban ma'aikatan tambayoyi da biro a hannu, mutumin ya daina dariya da mu. Gobe zan zauna da shi ni kaɗai. Injiniya, na'urar danshin a ina zan samu a Kano?