Tambaya a kan Asabar da Lahadi: yaushe hutun ya sauya rana?

Malam Ɗanjuma, Zariya:

Jama'a, barkanmu da warhaka. Wani ɗalibina ne ya yi mini tambaya a aji, na kuwa ba shi amsar da ni kaina ba ta gamsar da ni ba. Muna bitar sunayen ranakun mako, sai na nuna musu cewa Asabar ta fito ne daga kalmar Larabci "as-sabt", 'yar'uwar "Shabbat" ta Ibrananci, wato tsayar da aiki, Lahadi kuma daga "al-ahad", wato rana ta ɗaya. Nan take yaron ya ɗaga hannu ya ce, tun da Asabar ce ranar hutu har a sunanta, kuma Kiristoci suna karanta Attaura tare da Linjila, me ya sa su ke hutawa ranar Lahadi alhali Yahudawa suna nan a kan Asabar? Ni Musulmi ne, ba na so in koya wa yara abin da masu addinin ba za su yarda da shi ba, saboda haka nake roƙon waɗanda suka san al'amarin daga cikin gida su fahimtar da ni.

Baba Yohanna, Jos:

Malam, madalla da ka zo ka tambaya, ka ga kuwa ɗalibin nan naka yana da kaifin basira. Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, Kiristocin farko ba su ɗauke hutun Asabar suka aza shi a kan Lahadi ba. Yawancinsu Yahudawa ne, suna kiyaye Asabar kamar yadda suka gada, sannan su taru a rana ta fari ta mako domin a cikinta ne muka gaskata Yesu Almasihu ya tashi daga matattu. Littafin Ayyukan Manzanni na Sabon Alkawari, sura 20, ya ambaci irin wannan taro a garin Taruwasa, Manzo Bulus kuma ya umarci Korintiyawa su riƙa ware baikonsu a wannan rana. Amma Lahadi a wancan zamani ranar aiki ce kamar kowace rana a daular Rum, don haka da asuba ko da dare ake haɗuwa, bawa ya koma hidimar ubangidansa, maƙeri ya koma maƙerarsa.

Da waɗanda ba Yahudawa ba suka yi yawa a ikilisiya, sai tambaya ta taso ko dokokin Musa sun hau kansu, Bulus kuwa ya rubuta wa Kolosiyawa cewa kada kowa ya hukunta su a kan abinci ko idi ko Asabar. Zuwa wajen shekara ta 150, wani marubucin Kirista, Yustin Mai Shahada, yana bayyana taron Lahadi a birnin Rum a matsayin abin da aka riga aka saba. Hutun kuwa sai daga baya ya shigo, kuma ta hannun hukuma, domin a shekara ta 321 Sarkin Rum Kustantin ya ba da doka cewa alƙalai da mazauna birane da masu sana'a su huta a "ranar rana", wato Lahadi, amma ya bar manoma su ci gaba da aikin gona don kada lokacin shuka ya wuce su. Bayan shekara arba'in da 'yan kai, majalisar shugabannin ikilisiya da ta zauna a Lawudikiya ta hana Kiristoci zaman hutu ranar Asabar. A ganina, abin da za ka faɗa wa yaron shi ne sujada ce ta fara komawa Lahadi, hutu ya biyo ta bayan kusan shekara ɗari uku.

Malama Rifkatu, Kaduna:

Baba ya yi bayani mai kyau, ni dai zan ƙara ne a ɓangaren Yahudawa, domin na ga abin da idona lokacin da muka je ziyara Urushalima. Idan muka ce "hutu" da Hausa, abin da ke zuwa zuciya shi ne mutum ya miƙe ƙafa a inuwa, amma a wurinsu al'amarin shari'a ne mai iyakoki. Ranar tana farawa daga faɗuwar rana ranar Juma'a, ta ƙare da fitowar taurari uku bayan faɗuwar rana ranar Asabar. Uwargida ce ke kunna kyandirori kafin rana ta faɗi, a yi addu'a a kan ruwan inabi, a ajiye burodi biyu a tebur don tunawa da manna, abincin nan mai saukowa daga sama, da aka riƙa ba Isra'ilawa ninki biyu a ranar shida a jeji. Malamansu sun lissafa nau'o'in aiki 39 da aka haramta, daga huɗa da girbi da niƙa har zuwa ɗinki da rubutu da hura wuta, kuma a kan hura wutar ne masu tsananin kiyayewa na yau suka gina hanin tuƙa mota da taɓa makunnin lantarki. A masaukinmu akwai na'urar hawa bene da aka saita tana tsayawa a kowane hawa da kanta, don kada kowa ya danna komai.

Da farko na ɗauka ƙunci ne, amma da na ga tituna sun yi tsit, iyalai suna tafiya a ƙasa zuwa majami'a ba mai riƙe da waya, sai na ji kunyar yadda mu ke cika Lahadinmu da tarurrukan kwamiti da zirga-zirga. Kuma ya kamata a sani cewa idan rai yana cikin haɗari, dokar tasu da kanta ta wajabta a karya Asabar, shi ya sa motar asibiti ba ta tsayawa. Wani abin lura kuma, umarnin kiyaye Asabar ya zo sau biyu a Attaura da dalilai biyu: a Fitowa sura 20 an danganta shi da kammala halitta, a Maimaitawar Shari'a sura 5 kuma da fitowa daga bautar Masar, har aka ce bawa da baiwa da sa da jaki duk su huta.

Ɗan'uwa Bitrus, Jengre:

Da izinin Baba, akwai gyaran da nake so in yi, domin kada Malam ya tafi da fahimtar cewa dukan Kiristoci sun bar Asabar. Ni ɗan ikilisiyar Adbentis ne, wadda aka kafa a Amurka a 1863, kuma har gobe muna rufe shaguna daga magaribar Juma'a zuwa magaribar Asabar. Hujjarmu ita ce babu aya guda a Sabon Alkawari da ta ce an mayar da tsarkin rana ta bakwai zuwa ta ɗaya, Yesu da kansa ya saba shiga majami'a ranar Asabar, kuma da ya ce an yi Asabar domin mutum, gyara yadda ake kiyaye ta ya yi, bai soke ta ba. Tarihin da Baba ya kawo gaskiya ne, amma mu muna karanta shi a matsayin shaidar cewa sauyin na mutane ne. Ba mu kaɗai ba ne kuma, domin ikilisiyar Orthodox ta Habasha, wadda ta girme mu da ƙarnuka masu yawa, tana girmama ranakun biyu, bayan doguwar jayayyar da Sarki Zara Yakub ya kawo ƙarshenta a 1450. Riƙon nan yana da tsada a ƙasarmu, musamman idan aka sa jarrabawa ko zaɓe ranar Asabar, domin da yawa daga cikinmu sukan haƙura da su.

Malam Ɗanjuma, Zariya:

Na gode ƙwarai, Baba, Malama da ɗan'uwa Bitrus, Allah ya saka da alheri. Na lura da cewa ni ma da kuskure na shiga maganar, domin na ɗauka Juma'a ita ce takwarar waɗannan ranaku a wurinmu, alhali Suratul Jumu'a cewa ta yi a bar ciniki idan an kira salla, idan an idar kuma a watsu a nemi falalar Allah, ba ta hana aikin yini ba. Ranar Litinin zan kai wa ajin bayanin Baba da na Bitrus gefe da gefe, ba tare da na zaɓar musu ɗaya ba. Malama, ina roƙon ki turo mini cikakken jerin ayyukan nan 39, domin na san yaron zai tambaye ni ko ɗebo ruwa a rijiya yana ciki.