Wace kalma za mu sa wa "membrane vesicle"?

Malamin Bayoloji: Jama'a, a taimaka. Tantani (membrane) mun riga mun daidaita a kansa, besikul ɗin ne ya gagara, wato ɗan mitsitsin abin nan lulluɓe da tantani da ke fita daga jikin ƙwayar bakteriya. Na ga an rubuta "kumfar tantani".

Mai Madubi: Malam, kumfa iska ce a ciki, kuma ba ta jimawa take fashewa. Wannan kuwa cike yake da kaya: furotin, guba, wani sa'in har DNA. Girmansa nanomita 20 zuwa 250 ne. Ni bororo na fi so, don haka yake farawa. A bakteriya masu tantani biyu, akwai furotin irin su Lpp da OmpA da ke ɗaure tantanin waje da bangon ƙwayar. Inda ɗaurin ya saki, ko lalatattun furotin suka taru suna turowa, sai wurin ya kumbura.

Malamar Harhaɗa Magunguna: Bororo ai a jiki yake zama, ranka ya daɗe. Wannan tsinkewa yake ya kama hanya. Wasu ma ba ta kumburi suke samuwa ba, ƙwayar ce ke fashewa, gutsattsarin tantanin su naɗe kansu. Ku duba "ƙulli". An zuba abu, an matse wuya, an aika. Haka E. coli mai sa gudawa ke kai gubarta hanji, haka wasu bakteriya ke tura sinadarin da ke karya fenisilin ya kare maƙwabtansu. Maganin kashe bakteriya na polimiksin da bairas masu cin bakteriya kan maƙale wa ƙullin, uwar ƙwayar ta tsira. Da irin wannan ƙullin aka haɗa rigakafin sanƙarau nau'in B a Kyuba, da na Niyu Zilan a 2004.

Mai Madubi: Na sallama. Amma jam'in fa? "Ƙulle-ƙulle" makirci zai kawo wa mai karatu a rai.

Malamar Harhaɗa Magunguna: A ce "'yan ƙullin tantani". Gwada a jimla: a juya ruwan renon bakteriya a injin juyi a 10,000 g (g shi ne ƙarfin jan ƙasa) ƙwayoyin su kwanta, a tace da matata mai ƙofa maikiromita 0.22, sannan a sake juyawa a 100,000 g ko fiye na awa 2 zuwa 3, 'yan ƙullin tantani su taru a gindin kwalba. Sai dai wutsiyoyin bakteriya kan kwanta tare da su, dole a sake rabawa bisa nauyi.

Malamin Bayoloji: Ta zauna a baki. OMV (outer membrane vesicle) kuma, wato na masu tantani biyu, ƙullin tantanin waje. Masu tantani ɗaya, irin su Staphylococcus aureus, nasu ƙullin tantani kawai, tunda ba su da na waje.