Wai doki na ya kafa Daula?

Alu Mabera: Ni dai na hwaɗi kuma ina kan bakana, in ba don doki ba da babu Daular Usmaniyya. Wa ka iya riƙe ƙasa tun daga Gwandu har Adamawa da ƙafa?

Malam Bube: Alu riƙewa daban, cin yaƙi daban. Tabkin Kwatto 1804 wa ad da dawaki? Sarkin Gobir Yunfa na. Gobirawa sunka taho da 'yan lifida har da Azbinawa, jama'ar Shehu kuwa dawakinsu ba su wuce ashirin ba kamar yadda Muhammadu Bello ya rubuta, amma 'yan baka sunka tsaya da kibau sunka watsa su.

Bagobiri na Sabon Birni: Malam kullum sai kun tono muna wanga zance 😂 amma gaskiya lifidi nauyi gare shi, auduga ce anka dunƙule anka rufe doki da mahayi, ga kwalkwali ga wani ma da sulke, cikin zafin ƙasar nan doki bai daɗewa ya gaji, kuma in kibiya mai wuta ta kama lifidin to sai addu'a

Alu Mabera: To in doki bai da amfani mi yas sa bayan Alkalawa, babban birnin Gobir, ta hwaɗi 1808 sarakunan namu duk sunka koma tara dawaki da lifidin da sunka ƙwace?

Malam Bube: Ban ce bai da amfani ba. Nan ina tare da kai. Hari da kora da saurin kai ɗauki aikin barade na. Amma gari mai ganuwa doki bai hawa nai, sai dakaru.

Inna Kulu: Ku kuna ta wa ya ci wa bai ci ba, ba mai zancen dabbar. Kun taɓa duba linzaminmu na gargajiya da kyau? ƙarhen nan in anka ja shi sai bakin doki ya yi jini, ga kaimi na huda mai ciki. Har yau wurin hawan salla ina gani, wai burgewa ce a tsai da shi lokaci guda.

Alu Mabera: Haba Inna, dokin yaƙi gata gare shi. Sarauta guda anka yi don shi, Shamaki. Gero da dusa da harawa da kanwa, ga masu yanko mai ciyawa kullum. Ko a Malikiyya wurin rabon ganima mahayi kashi uku shika samu, biyu na doki na, ɗan ƙasa kashi ɗaya

Inna Kulu: Ɗana kashi biyun nan doki ka ci ko mai doki? Kuma masu yanko ciyawar mafi yawansu bayi na, ka ƙara da wannan.

Bagobiri na Sabon Birni: Inna ta gama da kai. Kuma kudu ma doki bai kai ku ko'ina ba, ƙudan tsando ka kashe su, mutanen Ibadan sunka afka ma dawakin Ilori da dare a Oshogbo wajen 1840. Yarbawa bayina sun yi ƙoƙari ranar 😂

Malam Bube: Giginya ta Sakkwato kuma 15 ga Maris 1903, zamanin Sarkin Musulmi Attahiru, mahaya sunka fuskanci bindigar Maxim ta sojan Turawa, ba su ko samu isa kusa da sahun sojan ba.

Alu Mabera: Wannan ai ba laihin doki ba na Malam, dakarun ma harsashi bai bar su ba. Ina nan kan bakana, sai bayan la'asar in dawo muku