Tsage-tsagen fuskar sandar golf da juyawar ƙwallo

A wata hira kan yadda tsage-tsagen fuskar sanda ke shafar juyawar ƙwallo, abin da masu buga golf suka fi jaddadawa shi ne, tsage-tsagen nan ba su ne ke kama ƙwallo su juya ta kai tsaye ba. Aikinsu ya yi kama da zanen tayar mota: su kwashe ruwa, ciyawa da ƙasa daga tsakanin ƙwallo da ƙarfe, domin gogayya ta samu. A busasshen fili mai gajeriyar ciyawa bambancin ba shi da yawa. Amma a doguwar ciyawa ko da raɓa, sandar da tsagarta ta cike ko ta lashe sai ta sa ƙwallo ta tashi ba juyi sosai, ta sauka ta yi ta gangarawa.

Shawarar da na fi yarda da ita mai sauƙi ce: a goge fuskar weji, wato sandar gajeren bugu mai ɗaga ƙwallo sama, da burushi da tawul bayan kowane bugu. Ƙwallo mai laushin fata ma tana ƙara juyi.

Wasu sun ambaci na'urar wasa tsaga don ƙara mata kaifi. A yi hattara, tun 2010 hukumomin tsara dokokin golf na USGA da R&A suka taƙaita girman tsaga da kaifin bakinta, kuma wasawar na iya sa a hana sandar shiga gasa.