Daga Bahar Rum zuwa Jekadafari

Adda ta Jekadafari:
Salamu alaikum 'yan zaure, na dawo. Ɗana da ke aiki a Sifen ne ya biya mana kwana bakwai a jirgin ruwan shaƙatawa, ni da iyalinsa. Daɗin jirgin sai wata rana, yau labarin dawowa zan ba ku. Amsa-amonmu "ya". Wanda ya karya, goro.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai ɗora ƙarfe a ruwa ba nutsewa,
Shi Ya kai ni, Shi Ya nufi dawowa,
Na taka Gombe da ƙafata lafiya.

Kwana bakwai muna kan Bahar Rum,
Sabuwar gaɓa muke gani kullum,
Marsel, Jenowa, Napoli, ban yi jugum,
Sisili da Malta, sannan muka yo baya.

Daren ƙarshe aka ce a fid da akwati,
A ajje bakin ƙofa, a ɗaura kati,
Da hantsi ga ni a Barsalona kan titi,
Daga nan na fara sanin wuya.

Gida na kudu, jirgi ya nufi gabas,
A Istanbul na zauna awa takwas,
Dabinon jakata na cinye shi tas,
Ido biyu cikin dare kamar mujiya.

Hamma na Wunti:
Barka da sauka. Amma ba zan ƙyale ki ba.

'Yar Fulanin tudu, jikar masu sanda,
Wa ya aike ki ruwa, taubashiya?
Ke da in mota ta hau gadar Dindima,
Sai ki rufe ido kina salati a zuciya.
In ruwa kike so, Dadin Kowa na kusa,
Ga dam, ga kwalekwale, ga kifi a miya.
In na ɗumi ne, zo Wikki a Yankari,
Ba biza, ba Yuro, ba kwanan hanya.

Adda ta Jekadafari:
Hamma na Wunti, sarkin cin masa,
Gorin Dindima yau ka sauke shi ƙasa,
Na kwan bakwai igiyar ruwa na min wasa,
Gongola yanzu a idona rijiya.

Kusan awa bakwai muka yi a sama,
Muka keta Sahara, ƙafafu na fama,
Na mai da agogo awa biyu, na kama
Jiran akwati, ashe ya kwana a Turkiyya.

Na cike takarda, na nufi jirgin gida,
Daga Abuja zuwa Lawanti awa guda,
Sai ga saƙo an soke tashi, na ƙi yarda,
Yarinyar kanta ta ce, "Sai jibi, Hajiya."

Jibi fa! Ni da na ƙetare teku da hamada, a ce Abuja ce za ta riƙe ni. Na kwana gidan ƙanwata, da asuba na nufi tasha.

Direban Tashar Dukku:
Ai da kin neme ni, Hajiya, ran nan ina gari. Ga yadda muke yin ta.

Sammako ake yi wa Mararaba,
In rana ta fito, sai tafiyar hawainiya.
Keffi, Akwanga, a tsaya a duba birki,
Hawan Kibo ba ya raga wa tsohuwar taya.
Jos a sa rigar sanyi, Tilden Fulani a tuɓe,
Magama, Nabordo, ga dutsen Zaranda a tsakiya.
Bauchi a yi sallah, sai Alkaleri da Bara,
Kilomita 150 da ɗoriya, an gama tafiya.

Adda ta Jekadafari:
A bakinka kamar shan fura. Ka tsallake shingaye da ramuka, malam direba.

Ni da ake naɗe wa tawul kamar giwa,
A ɗora kan gado ana ta gaisuwa,
Ga ni a Sharon, mu huɗu, ba motsawa,
Gwiwata na gugar buhun doya.

Na bar Abuja ana kiran assalatu,
Na shiga Gombe mutane sun kwanta tuntuni,

Kai, wannan ya ƙi zama. Ku bar shi haka, gajiya ce.

Malam na Pantami:
An yafe, matafiyi yana da rangwame. Barka da dawowa, Hajiya. Tambaya gare ni.

Jirgi na tafe dare da rana,
Ba hasumiya, ba ladan, sai maliya.
Yaya kika gane alƙibla a can,
Da gabas ɗin Gombe ta zauna a baya?

Adda ta Jekadafari:
Allah gafarta Malam, jikata ce jagora,
Ta ɗora waya kan darduma, kibiya ta gyara,
Kudu maso gabas, in kabbara in fara,
Kafin in kai tahiya jirgin ya juya.

Wani abin mamaki kuma, Malam: a Malta na ji mutanen gari, Kiristoci, suna cewa "Alla". Ashe harshensu jikan Larabci ne, da baƙaƙen boko suke rubuta shi.

Malam na Pantami:
Ikon Allah. Game da juyawar, a Malikiyya in jirgin ruwa ya juya, mai sallah ya juya ya bi alƙibla in da hali. In babu hali, ya ci gaba da sallarsa. Ƙasaru kuwa daga mil 48 take farawa, ke da kika ninka ta ba adadi.

'Yar Bolari:
Goggo sannu da zuwa, mun yi kewa,
Ina tsarabarmu ta ƙasar Turawa?

Hamma na Wunti:
Ta karya! "Wa" ta kawo mana. Ke ba matafiya ba ce, ba rangwame. Goro.

'Yar Bolari:
Tuba nake, Kawu, ga gyara.

Goggo ba na raina abin hannunki,
Ko ɗan turare ne, ko sarƙar wuya.

Adda ta Jekadafari:
Akwati ya iso bayan kwana uku,
Cakulan ɗin da na jido saboda ku,
Ya narke cikin mayafai ya zama teku,
Sai dankalin da na saya a Jos, ɗiya.

Na je har ƙasar Turawa, amma dankalin Turawa a Filato na saye shi. Ki zo da kwano. Yanzu ga abin da ya dame ni da gaske:

Abu ɗaya ya rage, ku ba ni magani,
Yau kwana huɗu ƙasa na lilo da ni,
In na tsaya a tsakar gida sai in ga gini
Yana tangaɗi, yara na ta dariya.

Nas ta Tudun Wada:
Ba iska ba ce, Adda, sananne ne ga waɗanda suka daɗe a jirgin ruwa.

Can cikin kunne ma'aunin tsayuwa yake,
Shi da ƙwaƙwalwa sun koyi rawar maliya.
An sauka, su ba su yarda an sauka ba,
Suna jiran igiya a kan busasshiyar hanya.
Ki yi barci, ki riƙa takawa safe da yamma,
Kwana kaɗan zai saki, ki bar fargaba, Yaya.

In ya haura mako biyu, ko ya zo da amai ko ciwon kai mai tsanani, a je asibiti a duba, a auna jini ma.

Hamma na Wunti:
Nas ta yi nata, ni ga fassarata:
Ƙasar Gombe ce ke kishi, an yi mata kishiya.

Adda ta Jekadafari:
To ta kwantar da hankalinta.

Ɗazu yaron ya kira, wai baɗi sai Girka,
Akwai tsibirai farare, in shirya jaka,
Na ce ɗana, Allah Ya yi maka albarka,
Kuɗin tikitin turo min in sayi saniya.

Hamma na Wunti:
Ba na faɗa muku ba? To in ta haihu, ɗan maraƙin na taubashi ne.

Adda ta Jekadafari:
Fara biyan kuɗin sharar bara tukuna.