Bayan canjin gwiwa, irin ƙarfen da aka sa ne ke hana zaman tahiya?

Ummu_Hafsa: Assalamu alaikum. Likitocin ƙashi na wannan zaure, a taimaka. Dattijon da aka yi wa tiyatar canjin gwiwa, me ya sa wani ke iya sujada wani kuma sai kan kujera? Daga irin ƙarfen ne?

Likitan_Ƙashi: Wa alaikumussalam, Hajiya. Ƙirar na da tasiri, amma ba ita ce kan gaba ba. Ana rufe ƙarshen ƙashin cinya da ƙarfe, a ɗora faranti kan ƙashin ƙwauri, a sa roba mai tauri a tsakani. Lafiyayyar gwiwa in ta lanƙwasa, ƙashin cinya yakan mirgina baya, kuma jijiyar da ke bayan gaɓar ce ke jan sa. Manyan ƙirar gwiwar ƙarfe iri biyu ne, CR da PS. Ƙirar CR tana barin wannan jijiya. In ta yi ɗauri gwiwa ta ƙi lanƙwasa, in ta saki ƙashin ya zame gaba. A ƙirar PS, wadda likita Insall da injiniya Burstein suka fitar a New York a 1978, cire jijiyar ake yi, sai wani ɗan turke a jikin robar ya karɓi aikinta. Takan ɗan fi lanƙwasa, sai dai turken na iya cinyewa, wani lokaci ma ya karye.

Mai_Gashin_Ƙashi: Bari in ɗora a kan na Likita. Tafiya na buƙatar gwiwa ta lanƙwasa kusan digiri 65, tashi daga kujera wajen 95, zaman tahiya da tsuguno kuwa sun haura 140. Yawancin waɗanda aka yi wa aikin suna tsayawa tsakanin 110 da 125. Abin da ya fi nuna inda mutum zai kai shi ne yadda gwiwar ke lanƙwasa tun kafin tiyata, sai kaurin cinya da naci wajen motsa jiki. In an kai mako 6 ba a samu 90 ba, a koma asibiti. Akan sa barci a tanƙwara ta, galibi kafin wata 3, kafin tabon ciki ya ƙafe.

Ummu_Hafsa: To ƙarfen da ake tallatawa cewa yana kai digiri 150 fa?

Likitan_Ƙashi: An ƙera shi ya jure wannan lanƙwasar ne, Hajiya, ba shi zai kai mutum can ba. Da aka gwada shi da na gama-gari, bambancin ɗan kaɗan ne, ga shi wasu nau'o'in sai an ƙara yanke ƙashi kamar milimita 2. A tanadi masai na zama tun kafin a sallami majiyyacin.